Tufafin Aikin Kafinta: Ƙaramin Jarin Da Aka Raina A Yola Da Jimeta

YOLA – Wanda duk ya ratsa unguwannin Jimeta da hantsi, tun daga Jambutu har Doubeli, ko ya gangara Luggere da Nassarawo, ba zai rasa jin kukan zarto da bugun guduma suna tashi daga rumfunan kafintoci ba. Abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne gadaje da kujeru da kabad-kabad da aka jera a bakin titi suna jiran iyayen amare. Ba kasafai ake kallon masu aikin kansu ba, balle abin da ke jikinsu: tsohuwar rigar ƙwallo ta gwanjo, wandon da ya gama yayinsa, silifas a ƙafa, wani sa'in ma kaftani ne aka naɗe hannuwansa sama-sama aka tunkari inji.

Mai shago yana iya kwashe mako guda yana tayin injin yankan katako ko janareta, ya tuntuɓi abokan sana'a a Kano da Legas kafin ya biya kuɗi, amma da wuya ya ɓata minti goma a kan tufafin da shi da yaransa za su tsaya da su a gaban wannan inji. A lissafin yawancin masu sana'ar, kayan aiki su ne abin da ake riƙewa da hannu, rigar aiki kuwa ita ce kowace riga da ta tsufa. Alhali kuwa a cikin dukkan jarin shagon kafinta babu abin da ya kai tufafin aiki araha, kuma rashinsu na iya rufe shagon ɗungurungum a rana guda.

Ba sabon abu ba ne ga masu sana'ar hannu a wannan yanki su ware sutura ta musamman domin aiki. Tun kafin zuwan Turawa, maƙera da masassaƙa da mafarauta sun san warki, wato jemammiyar fatar akuya ko ta tunkiya da ake ɗaurawa a ƙugu. Maƙeri ba ya zama gaban zuga-zugi da rigar cin kasuwa, haka kuma masassaƙin da ya danne itace tsakanin ƙafafunsa yana sarar turmi ko akushi da gizago ya san abin da ya sa yake so fata ta rufe masa cinya. Kafintanci irin na katako da ƙusa ya bunƙasa ne bayan da Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Jimeta kuma ta zama tashar jiragen ruwan da ke hawo kogin Binuwai da damina domin kwasar gyaɗa da auduga da ƙiraga. Ma'aikatan sashen ayyuka na gwamnati na wancan zamani da kaki aka san su. Shi kansa kakin, sojojin Ingila ne suka fara amfani da shi a Indiya a shekarun 1840, kuma ma'anar sunan a harsunan can ita ce launin ƙura, sunan da ya dace ƙwarai da aikin da ake magana a kai.

Da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Jihar Adamawa a ranar 27 ga watan Agustan 1991, sai gine-ginen ofisoshi da gidajen ma'aikata da makarantu suka yawaita, kafintoci suka ƙaru, injuna kuma suka fara maye gurbin zarton hannu. A tsakanin nan ne aka yi wa batun sutura sakaci. An bar warki saboda ana ganin kayan ƙauye ne, an bar kaki saboda ya yi tsada, ba a kuwa maye gurbinsu da kome ba, daidai lokacin da haɗarin aikin ya ninka.

Ƙaramin lissafi ya isa ya nuna girman wannan haɗari. Zarton inji mai faɗin santimita 30 da ke juyawa sau 3,000 a minti ɗaya yana yin zagaye 50 ke nan a kowace daƙiƙa, haƙoransa kuma suna gudun da ya haura kilomita 160 a sa'a guda. Mutum mai cikakken kuzari yana bukatar wajen rubu'in daƙiƙa kafin ƙwaƙwalwarsa ta umurci hannu ya janye, kuma kafin nan zarton ya zagaya fiye da sau 12. Zarton hannu idan ya taɓa yatsa yakan tsaya, domin mai yankan ne ƙarfinsa. Inji ba ya tsayawa. Idan ya kama bakin hannun riga, ko leɓen kaftani, ko igiyar wando da ke lilo, ba yaga su yake yi ba, naɗe su yake yi, ya jawo mai su.

Saboda haka sharaɗin farko na tufafin kafinta ba ƙarfi ba ne, ba kuma kyau ba ne, a'a, kada a sami wani abu da ke reto. Wannan ne wurin da suturarmu ta gargajiya, duk da mutuncinta da dacewarta da zafin ƙasar nan, ba ta da gurbi a gaban inji. Kaftani da jallabiya an ɗinka su ne domin iska ta ratsa, kuma yalwar nan da ke ba da sanyi ita ce abin da inji ke cafka. Haka nan ƙyallen da wasu ke naɗawa a wuya da hunturu, da carbin da ke leƙowa daga aljihu, da agogo da zobe, da igiyar sauraren waya da samari ke maƙalawa a kunne. 'Yan mata da ke koyon aikin katako a makarantun fasaha su ma tilas ne su cusa bakin hijabi a cikin rigar aiki. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne safar hannu: tana da amfani wajen sauke katako daga mota da wajen taɓa sinadarai, amma masana kare lafiyar ma'aikata sun haɗu a kan cewa ba a sa ta a gaban zarton inji ko injin huji ko duk wani abu mai juyawa, domin inda hannu tsirara zai tsira da yanka, mai safa yana iya tafiya gaba ɗaya.

To, wace sutura ce ta dace? Iri biyu ne aka fi sani. Akwai obarol, riga da wando a haɗe irin ta makanikai, akwai kuma rigar gaba, wato ƙyalle mai kauri da ke rufe mutum daga ƙirji zuwa gwiwa, a ɗaure shi ta baya, wanda a haƙiƙa jikan warki ne da aka ɗinka da yadi. A ƙasashe masu sanyi obarol na da farin jini. A Yola kuwa, inda zafin watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, kuma yawancin rumfunan aiki rufin kwano ne da su, obarol ɗaki ne na gumi. Wanda aka tilasta wa sa shi zai zuge shi zuwa ƙugu kafin azahar, ya ɗaure hannuwan rigar a cikinsa, ya koma ya fi wanda bai sa kome ba shiga haɗari. Rigar gaba tana barin baya da hammata a buɗe iska na shiga. Tana da wata fa'idar kuma da littattafan Turai ba su ambata ba: idan aka kira salla, ko mai gida ya aiko a zo a auna ƙofa, cikin daƙiƙa kaɗan mutum ya cire ta ya rataye, tufafinsa na ciki suna nan da tsabtarsu.

Zaɓen yadi shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma a nan ne araha ke yaudarar mai saye. Rigunan ƙwallo na gwanjo da samarin shago suka fi so kusan dukkansu na zaren roba ne, irin su foliyesta da nailan. Suna da sauƙin wanki da saurin bushewa, amma zaren roba ba ya shan gumi kamar auduga, yana kuma jawo ƙurar katako ta manne masa, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Mafi muni shi ne halinsa da wuta. Foliyesta na narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 250, kuma idan ya narke liƙewa yake yi a fata. Auduga ita ma tana cin wuta, amma toka take zama, ba ta ɗiga a jiki. A shagon da ake ajiye tina da fenti da jarkar fetur ta janareta kusa da tarin garin katako, ga kuma tartsatsin injin wasa ƙarfe, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Yadin da ya fi dacewa da yanayin Adamawa shi ne kakin auduga mai matsakaicin kauri. Masana'antu na auna kaurin yadi da nauyin kowace murabba'in mita: yadin riga na yau da kullum bai cika wuce giram 150 ba, kakin aiki na kaiwa wajen giram 250, jins da kanbas mai kauri kuwa giram 350 zuwa 400. Na farkon ba zai tare tsinin ƙusa ko sartsen katako ba. Na ƙarshen ya fi jurewa, ya kuma dace da mai aikin da ke jingina katako a cikinsa yini guda, sai dai yana da nauyi da zafi. Tsohon wandon jins na gwanjo, in dai na auduga ne zalla ba mai talewa ba, ana iya farke shi a fitar da ƙaramar rigar gaba mai ƙarko, kuma wannan shi ne amfani mafi kyau da kafinta zai yi da dilar gwanjo.

Akwai kuma rigunan gaba na ƙasashen waje da ake tallatawa a intanet, na kanbas da aka shafe da kakin zuma ko na fatar sa mai kauri, masu ƙyalƙyalin maɓallan tagulla. An yi su ne domin ɗakunan aiki na Amurka da Turai. Kanbas mai kakin zuma yana hana ruwa shiga, amma yana hana gumi fita, ga shi ba a wanke shi da sabulu, in kuma rana ta buɗe sai ya yi danƙo. Wanda ya saye shi da kuɗin waje a kan farashin canji na bayan watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ya sayi ado ne kawai. Fata kuwa tana da gurbinta, amma gurbi guda: mai tsaga katako a kan babban injin tebur. Wani lokaci katako kan matse bayan zarton, inji ya cillo shi baya da ƙarfi, kuma daidai cikin mai aikin yake nufa. Rigar fata, ko ta kaki da aka ninka wa fata daga cibiya zuwa mara, tana rage illar bugun. Ba ta hana shi ba. Abin da ke hana shi shi ne ƙarfen da ake kafawa a bayan zarto domin ya buɗe tsagar, da kuma tsayawa a gefe maimakon a saitin katakon. Ba sai an aika Turai neman wannan fata ba, tunda majeman Kano da dukawan kasuwanninmu suna nan.

Bayan yadi sai ɗinki, kuma a nan tela mai lura zai bambanta da mai kwaikwayon rigar masu dafa abinci. Igiyar da ke rataye a wuya ita ce babban aibin rigunan gaba na kasuwa. Da zarar an zuba tef na awo da fensir da ƙusoshi a aljihu, nauyin duka a kan ƙashin wuya yake sauka, kafin la'asar mutum ya gaji ya cire. Abin da ya fi shi ne maɗauri biyu masu faɗi da za su haye kafaɗu su gitta juna a baya, nauyin ya rabu. A baya ake ɗaurewa, ba a zagayo da igiya gaba a ƙulla a ciki ba. Tsawon rigar ya tsaya a gwiwa ko ƙasa da ita kaɗan. In ta wuce haka tana harɗe ƙafa, in kuma mai aikin yana yawan tsugunawa sai a tsaga ta a tsakiya daga ƙasa. Ƙirjin ya rufu sosai har kusa da wuya, domin ta nan ne garin katako ke zuba cikin riga.

Aljihu ma yana da nasa ilmi. Buɗaɗɗen aljihu mai faɗi a gaban ciki kwandon tara garin katako ne, kuma bakinsa na iya sarƙafewa a hannun inji. Ƙananan aljihuna a ƙirji na fensir da ƙaramin ma'auni, da guda biyu masu murfi a ƙasa, sun wadatar. Ba a sa abu mai kaifi tsininsa na kallon sama, kuma mai haɗa kayan ɗaki da aka riga aka fesa wa fenti ya guji maɓallin ƙarfe a gaba, domin zane ɗaya a jikin kabad ɗin amarya ya isa a rage masa kuɗi. Kusurwoyin aljihu su ne ke fara yagewa. Wannan matsala ce ta sa wani tela mai suna Jacob Davis a jihar Nebada ta Amurka ya fara danne kusurwoyin aljihun wandon ma'aikata da 'yan ƙusoshin tagulla, har shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a 1873, kuma daga nan ne wandon jins na yau ya samo asali. Telan Jimeta ba ya bukatar tagulla. Ya maimaita ɗinki sau da yawa a kowace kusurwa da zare mai ƙarfi, ya isa.

Ba dukkan kafintoci ne aikinsu ɗaya ba. Mai rufin gini, wanda ke yini a kan katakon rufi yana buga kwano, doguwar rigar gaba haɗari ce gare shi. Abin da yake bukata shi ne ɗamara mai jakar ƙusoshi da maratayin guduma, da riga mai dogon hannu ta auduga saboda rana da kaifin kwano, da takalmi mai kama ƙasa. Mai feshin fenti shi ne ya cancanci obarol, domin tina na ratsa fata, kuma rigarsa ba ta kwana kusa da wuta. Tsummokin da aka jiƙa da man goge katako na linsid suna iya kama wuta da kansu idan aka dunƙule su wuri guda, don haka shanya su ake yi a sarari, ba a cusa su a aljihu ko a ƙarƙashin benci ba.

Silifas kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Ƙusa ɗaya mai tsatsa a tafin ƙafa na iya kai mutum ga cutar sarƙewar haƙora, faifan katako ɗaya kuma idan ya suɓuce ya isa ya farfasa yatsu. Rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa, ko da na gwanjo ne, ya fi silifas nesa ba kusa ba.

Haɗarin inji a bayyane yake, kowa na tsoronsa. Wanda ba a gani shi ne na ƙura, kuma shi ne dalili na biyu da ya sa ya kamata rigar aiki ta zama daban da rigar gida. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wani nau'in sankarar hanci da ba a cika gani ba ya yi yawa a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe. Bincike ya ci gaba har a 1995 cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Itatuwa masu tauri ne suka fi wannan illa, kuma su ne abin alfaharin kafintocinmu: maɗaci da kawo da madobiya, da loko da ake kawowa daga kudu, wanda aka san ƙurarsa da jawo ƙaiƙayin fata da asma. Obece mai laushi shi ma an san shi da tayar da asma. Allunan MDF da suka mamaye aikin kayan ɗaki a 'yan shekarun nan garin katako ne da aka matse da gam mai sinadarin fomaldehaid, wanda cibiyar nan ta sanya a rukuni ɗaya da ƙurar katako a 2004, kuma ƙurarsu ta fi ta katakon gaske laushi da saurin shiga huhu.

Kafintan da ya tashi aiki ya hau Keke Napep da rigar da ya yini da ita, ya shiga gida ya ɗauki ɗansa, ya kai wa iyalinsa rabonsu na wannan ƙura. Rigar gaba a shago take kwana. A kakkaɓe ta a waje, ba da iskar injin feshi ba wadda ke mayar da ƙurar sama, a wanke ta daban da kayan yara. Takunkumin yadi irin wanda aka saba da shi a 2020 ba ya tare ƙura mai laushi. Wanda ake bukata shi ne mai lambar N95 ko FFP2, mai feshi kuwa sai na roba mai matatar sinadarai. A haɗa da tabarau mai rufe gefen ido, da abin toshe kunne, tunda ƙarar injin fere katako na kaiwa desibel 100, alhali desibel 85 ne iyakar da masana suka amince mutum ya jure na sa'o'i 8.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan batu ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai wurin aiki ya samar da tufafi da kayan kariya da suka dace, har da safar hannu da takalma da tabarau inda ake bukatarsu, ga ma'aikatan da ke cuɗanya da abubuwa masu cutarwa. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi cewa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da mai koyon sana'a. Sai dai galibin rumfunan bakin titi ba su da rajista, ba su da takardar albashi, yarjejeniyar da ke tsakanin maigida da yaronsa ta baki ce da amana. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ranar da tsautsayi ya faɗa, babu wani asusu da zai biya. Maigida ne zai kai yaron asibiti daga aljihunsa, shi ne zai fuskanci iyayen da suka danƙa masa ɗansu, kuma aikin da ya karɓi kuɗin kafin alƙalami a kansa zai tsaya, sau da yawa a tsakiyar kakar bukukuwan aure ta bayan girbi ko ta gabanin azumi, lokacin da gaggawa da aikin dare suka fi yawa. Idan kuwa hannun maigidan ne kansa, to jarin ne gaba ɗaya ya tafi.

A ɗaya gefen sikelin, ga abin da ake gudun kashewa. Rigar gaba guda ba ta cin fiye da yadi ɗaya da rabi, har da aljihuna da maɗauri. Kaftani da wando na babban mutum yadi 4 zuwa 5 suke ci. Shagon da ke da maigida da yara biyar zai suturta kowa da yadi 9, in kuma ana so kowa ya sami ta canji ranar wanki, yadi 18, wato abin da bai wuce ɗinkin sallar mutum huɗu ba. Rigar kuma tana tsawaita ran tufafin da ke ƙarƙashinta, waɗanda gam da fenti ke kashewa cikin 'yan makonni.

Gaskiya ne samun kakin auduga na ƙwarai ya fi wuya a yau fiye da da. A farkon shekarun 1980 Nijeriya na da masaƙu fiye da 150, Kaduna kuma ita ce cibiyarsu a Arewa, Adamawa ma na cikin masu noma musu auduga, har kamfanin Afcott ya kafa gona da injin gurza a Ngurore kusa da Yola. Tsadar kuɗin waje bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da matsalar wutar lantarki, da fasa-ƙwaurin yadi, suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe ƙofa a 2007. Gwanjo, wanda ke cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, shi ya cike gurbin. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan kaki a yanzu gauraye ne da zaren roba.

Duk da haka akwai kasuwa a nan da ke jiran mai ɗauka. Teloli a Kasuwar Zamani ta Jimeta da cikin garin Yola suna kukan rashin aiki da zarar salla ta wuce, ga kuma kafintoci da masu walda da makanikai da masu gyaran janareta a kewaye da su, babu mai ɗinka musu kayan aiki. Ɗinkin ba ya bukatar aiki a wuya ko surfani, awo uku, babba da matsakaici da ƙarami, sun isa kowa, ana kuma iya yanka dozin a zama ɗaya. Akwai masu saye da yawa a dunƙule: sassan koyar da aikin katako na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa da makarantun fasaha na gwamnati, da masu horar da matasa a ƙarƙashin hukumar samar da aikin yi ta NDE da asusun horar da ma'aikata na ITF. Bugu da ƙari, tun daga watan Oktoban 2018 sababbin ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu suna bin ƙa'idojin da suka haɗa da kare lafiyar ma'aikatan 'yan kwangila. Kafintan da ke neman kwangilar bencinan makaranta ko ƙofofin asibiti a irin waɗannan ayyuka, ranar da jami'ai suka zo duba wurin aikinsa, suturar yaransa na cikin abin da za su fara gani. Sunan shago da lambar waya a ƙirjin rigar kuma talla ce da ke shiga kowane gida da aka je kafa gado.

Abin da ya rage shi ne yadda mai saye zai gane yadin gaske a rumfar mai yadi, tunda rubutun da ke bakin bandir ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Tsofaffin teloli suna da gwajinsu. A nemi ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, a fita waje, a kusanta masa ashana. Auduga zalla za ta ci da wuta mai haske, ta yi warin takarda da ta ƙone, ta bar toka mai laushi da ke rugujewa tsakanin yatsu. Zaren roba zai noƙe ya guji wutar, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar wani dunƙule mai tauri kamar ƙwayar gero. Gaurayen yadi zai nuna halin duka biyun, kuma girman dunƙulen shi ke nuna yawan robar. Bayan an saya, a jiƙa yadin a shanya kafin a kai wa tela, domin auduga na ɗan tsukewa a wankin farko, rigar da aka yanka daidai gwiwa tana iya komawa cinya.